Garmani Yana Cinye Makiyaya: Jawabi Ga Manoma Da Makiyayan Ɗan Issa

Malamin kiwo ya gana da manoma da makiyaya na Ɗan Issa, cikin gundumar Madarunfa. Bayan gaisuwa, ya yi musu jawabi a kan garmani. Ga abin da ya faɗa.

Ya ce duk wanda ya bi burtali da damana zai ga fili kore shar. Baƙo sai ya ce bisashen wannan ƙasa sun ji daɗi. Amma makiyayi ya san ba haka ba ne. Yawancin koren nan garmani ne, shanu kuwa ba su damu da shi ba. Saniya tana tsaye cikin kore, tana kwana da yunwa.

Kowa ya san garmani. Ganyensa yana da taushi da gashi-gashi, furensa rawaya ne. Yana kai ƙugun mutum, saiwarsa tana nutsewa ƙasa sosai. Masana suna kiransa Sida cordifolia.

YAYA AKA YI YA YAWAITA?

Malamin ya ce garmani ba baƙo ba ne, amma a da bai kai haka yawa ba. An yi fari a 1973 da 1984, haki mai kyau ya ragu. Mutane sun ƙaru, gonaki sun faɗaɗa, makiyaya ta ƙanƙance. Yanzu bisashe da yawa suna kiwo a wuri kaɗan. Suna cinye kyasuwa da gamba da gadagi da komayya tun ba su yi iri ba. Garmani kuwa suna barinsa, ya yi fure, ya zubar da iri. Inuwarsa tana hana ƙananan haki tashi. Iska da ruwa da bisashe suna kai irin gaba, har bakin dajin Baban Rafi.

Ya ce hasarar ta kowa ce. Nono yana raguwa. Shanun noma suna ramewa. Da rani damin haki yana tsada, mai tunkiya biyu ma sai ya saya. In kuma burtali ba abinci, bisa takan leƙa gona. Daga nan rigimar manomi da makiyayi take tashi.

ABIN DA ZA A YI

Na ɗaya: a tuge shi da wuri. Lokacin aikin shi ne watan Yuli zuwa farkon Agusta, bayan an yi ruwa, ƙasa tana da laushi. A lokacin bai yi fure ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu: a fitar da shi har saiwa, da hannu ko da hauya. Wanda ya sare kansa kawai ya yi masa aski, zai sake tohowa.

Na uku: in an makara har ya yi 'ya'ya, kada a ja shi cikin fili, don irin zai watse. A tara shi wuri ɗaya, a share kewayen, a ƙone. A yi hankali da wuta, kada ta shiga daji.

Na huɗu: kada a bar wurin fayau. Wannan shi ne babban abu. Fili in ba kowa, garmani ne zai fara dawowa. Tun da kaka a tara irin kyasuwa da gadagi da komayya, a adana cikin buhu inda ba laima. Bayan an tuge garmani, a kafta ƙasa sama-sama, a watsa irin. Gamba kuma ana iya raba gindinta a dasa.

Na biyar: a hutar da wurin. A hana bisashe shiga har hakin ya nuna, ya zubar da iri. Ba za a rufe dukan makiyaya ba. A raba ta kashi-kashi: bana a gyara wannan, baɗi wancan. Hanyar wucewar bisashe kuwa a bar ta buɗe.

Wani dattijo ya ce sun taɓa tugewa, amma ya dawo. Malamin ya amsa cewa irin garmani yana daɗewa cikin ƙasa. Aikin damana ɗaya ba ya isa. Sai an maimaita shekara bayan shekara, kowace shekara aikin yana raguwa.

AIKIN GAYYA NE

Malamin ya tuna wa jama'a cewa dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare burtali da makiyaya. Ba gonar kowa ba ne, dukiyar jama'a ce. Don haka gyaransu ma na jama'a ne. Ya roƙi masu gari da ardo-ardo su zauna tare, su sa ranar gayya. Maza su tuge, mata da matasa su tara iri, a zaɓi masu gadi daga manoma da makiyaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshe ya roƙi waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su karanta wa sauran wannan jawabi a dandali, tun kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu damana mai albarka.