Suna a Waya Ba Shaida Ba Ne

Jawabin da aka gabatar a taron cikar shekarar ƙungiyarmu, a Malanbil



An ce in yi magana kan lalitar kirifto, wato asusun kuɗin intanet da yaranmu ke riƙewa a waya. Ni ba masani ba ne, ɗan kasuwar albasa ne. Abin da na sani, da asara na koye shi.

Kowa ya san yadda muka shiga wannan harka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, gadar da ta haɗa mu da Gaya ta rufe. Ko da ECOWAS ta janye takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba, kaya da mutane suka koma kwale-kwale. A daidai lokacin naira tana ta faɗuwa. Wanda ya ba da bashin kaya a Kano yau, in an biya shi bayan wata guda sai ya ga ribar ta narke. Shi ya sa da yawa suka koma USDT, wanda ake ɗaure darajarsa da dalar Amurka.

Matsalar ita ce lalita ba ta da suna. Abin da take da shi jerin haruffa ne da lambobi: 34 a layin Tron, 42 a layin Ethereum. Ba mai haddace su. Bara yarona ya tashi biyan wani abokin cinikinmu na shekaru kuɗin lodi guda. Sai ya kwafo lambar daga jerin cinikin baya da ke cikin waya. Ashe wani ɓarawo ya ƙirƙiri lamba mai farko da ƙarshe irin na abokin namu, ya turo mana ɗan abin da bai kai dala ba, don kawai lambarsa ta shiga jerin. Kuɗi suka tafi. Babu banki da za a je, babu ofishin da za a kai kuka. A ƙasashen BCEAO sefa ce kuɗin doka, wannan kuwa ba kowa ya tsaya masa ba.

Yanzu an fito da abin da ake cewa magani ne. Akwai tsarin ENS, tun 2017, inda mutum zai yi rajistar suna gajere mai ƙarewa da .eth ya ɗora a kan lalitarsa, har ya sa hoto da bayanin sana'arsa. Akwai kuma irin XMTP, inda lalita ke aika wa lalita saƙo ba tare da lambar waya ba. Gaskiya akwai amfani. Mu da ke yawo da layi uku, na Benin da na Nijar da na Najeriya, mun san wahalar ɓacewar lamba. Wannan suna ba ya canjawa don ka ƙetare kogi, kuma ba kamfanin waya da zai toshe shi.

Amma ku saurara da kyau. Ba wanda ke tambayar katin shaida kafin a ba da sunan. Suna mai haruffa biyar zuwa sama dala 5 ne a shekara, duk wanda ya riga shi ya samu. Yau wani zai iya ɗaukar sunan Alhaji shugabanmu, ya sauya harafi ɗaya, ya ɗora hotonsa, ya aiko maka saƙo cewa ya canja asusu. Kama da wane ba wane ba ne. Kuma in ka manta ba ka sabunta naka ba, bayan wa'adi wani zai iya saye shi, abokan cinikinka su ci gaba da tura masa.

Iyayenmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su da waya, amma suna da maigida a kowane zango. Shi ke saukar da baƙo, shi ke cewa na san wannan, in ya gudu ni zan biya. Na'ura ta ba mu suna, ba ta ba mu maigida ba. Shawarata ita ce ƙungiyar nan ta zama shi.

Ga abu huɗu da nake roƙo.

Na farko, sakatare ya buɗe littafi. Duk ɗan ƙungiya mai lalita ya zo da kansa, da shaidu biyu, a rubuta lambarsa da sunansa na intanet. In zai canja, ya sake zuwa.

Na biyu, saƙon da ya ce an canja asusu, kada a yi aiki da shi sai an ji muryar mutum, an kuma tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

Na uku, kafin a tura babban kuɗi, a tura kaɗan, a jira ya ce ya gani. Kada a kwafi lamba daga jerin cinikin baya.

Na huɗu, kalmomin sirri 12 ko 24 da ke buɗe lalita, a rubuta su a takarda a adana kamar takardar gida. Duk wanda ya nemi ka faɗa masa su, ɓarawo ne, ko da wane suna ya zo. Amma ka sanar da magajinka inda suke, don kada dukiyar marayu ta mutu tare da kai.

Dattawa, kada mu bar wa yara wannan su kaɗai don ba mu iya latsa waya ba. Su sun san na'ura, ku kun san mutane. Ni da na zauna kusa da yarona ran nan, da na ce ya fara kiran mutumin.

Allah ya buɗe mana hanyoyi, ya sa albarka a kasuwa, ya maimaita mana.