Kare a Kasuwa: Haƙƙin Mai Shi da Haƙƙin Mai Tsoronsa

Sarkin kasuwa, sarkin fawa, iyayenmu mata masu abinci, fatake da dillalai, Allah Ya kawo kasuwa, Ya ba da sa'a.

Yau na zo muku da maganar da ba kasafai ake kawo ta gaban manya ba, wato maganar kare. Duk mai cin kasuwannin bakin iyaka, daga Illela zuwa Ƙonni, daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Maigatari zuwa ƙasar Damagaram, ya san cewa inda mutane suka taru, karnuka ma suna nan. Makiyayi na tafe da garkensa, kare na biye da shi. Mafarauci ya kawo nama, nasa na gefe. Mai gadin rumfuna da dare yana da nasa. Ga kuma waɗanda ba a san masu su ba, suna kewaya mahauta da juji. Mutum yana tsayawa a shingen iyaka ya nuna takarda, kare kuwa ta daji yake ratsawa, da lafiyarsa ko da cutarsa.

A kan wannan dabba mutane sun kasu biyu. Mai kare yana cewa shi ne ke tsare masa dukiya daga ɓarawo da kura, kuma malamai sun yarda a riƙe shi don gadi da kiwo da farauta. Gaskiya ya faɗa. A ɗaya gefen akwai yarinya mai talla da ta zubar da farantinta don gudun kare, da tsohuwar da ta daina bin layin mahauta, da mutumin da aka taɓa ciza yana yaro. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Su ma suna da gaskiya, kuma ba daidai ba ne a mayar da tsoronsu abin dariya.

Tsoron nan yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa ta hanyar kare suke samunsa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. Idan ta shiga ta cizo ko yaƙushi, sai ta bi jijiyoyi sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3, har rauni ya warke an manta da shi. Da zarar alamu sun bayyana, kamar tsoron ruwa da ruɗewa, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Amma kafin nan ana iya tare ta, tun daga 1885 da Louis Pasteur ya fara gwada allurarta a kan mutum a Faransa.

To, yaya za a raba wannan gardama? Kowa ya ɗauki nasa nauyin.

Kai mai kare, nauyinka ya fi na kowa. Kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi, ka adana takardar, ka koma lokacin da aka ce ka koma. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar tana yankewa a yankin. Ranar kasuwa ka ɗaure shi da igiya ko sarƙa a inuwa, da ruwan sha, nesa da hanyar jama'a. Kada ka ce wa mai tsoro "ai ba ya cizo". Kai ka san halinsa, shi bai sani ba. Ja karenka gefe, ka ba shi hanya.

Ku shugabannin kasuwa, ku ware wuri a bakin kara inda makiyaya da mafarauta za su riƙa ɗaure karnukansu. Layin abinci, bakin rijiya, harabar masallaci da hanyar 'yan makaranta su zama wuraren da ba a shiga da kare. Mahauta su riƙa binne ƙashi da tarkacen yanka, domin abinci ne ke tara karnukan da ba su da masu su. Zuba guba ba mafita ba ce: takan kashe ungulu da karen da aka riga aka yi wa allura, ta jefa yara cikin haɗari, kuma ba a daɗewa wasu karnukan suke maye gurbin.

Ku iyaye, ku koya wa yara cewa idan kare ya tunkaro su kada su ruga, kada su yi ihu, kada su jefe shi. Su tsaya cik, hannuwa a jiki, su kau da ido, har ya wuce. Kada su kusanci kare mai cin abinci, mai barci, ko karya mai 'yan kwikwiyo. Mafi muhimmanci, kada ku doki yaron da ya zo ya ce kare ya cije shi. Yaron da ke tsoron bulala ɓoye rauninsa yake yi.

Idan tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15. Kada a shafa barkono, toka ko ƙasa, kada a ɗaure shi tamau. A garzaya asibiti a ranar, ko da raunin bai fi yaƙushi ba, a karɓi allurai har a kammala su. Idan karen yana da mai shi, a killace shi kwana 10 a sanar da likitan dabbobi, amma kada jiran nan ya hana fara allura. Baƙon da aka ciza a kasuwar da ba ta ƙasarsa ba ya fara magani a asibiti mafi kusa, ya karɓi takarda, ya ƙarasa a gida.

Kowace 28 ga Satumba duniya na tunawa da wannan cuta, kuma an sa burin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilin cizon kare nan da 2030. Rabonmu a wannan aiki yana hannunku. Idan kun ji an ga mahaukacin kare a ƙauyen tsallaken iyaka, ku isar da labari ga mai unguwa da ma'aikatan lafiya, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya kare mu da iyalanmu, Ya mayar da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.