Makullin Safaya: Yanka Kaɗai Bai Isa Ba

Yau da ku muke, masu ɗauko mota daga Kwatano da masu lodin dabbobi zuwa Illela ko Jibiya.

Sau da yawa motar Beljiyam da makulli ɗaya take zuwa. Ka kai a yanko maka wani, ya buɗe ƙofa lafiya lau. To amma ka murza, injin ya yi ta juyawa, ya ƙi tashi. Ba laifin mai yanka ba ne. Tun 1998 dokar Turai ta tilasta sanya wa sababbin motoci na'urar hana sata. A kan makullin akwai 'yar ƙwaya mai lambar sirri, zoben da ke bakin ramin makulli yana karanta ta. Lamba ba ta yi daidai ba, ƙwaƙwalwar mota ta hana inji tashi.

Sai mai kwamfuta ya jona na'urarsa ƙarƙashin sitiyari ya shigar da sabon. Da tsohon a hannu, aikin mintoci ne. In ya ɓace maka a daji fa, wata motar sai an ciro ƙwaƙwalwar, kuɗi ya ninka.

Kafin ka biya, tada motar da kowannensu. Safayan kuwa, bar shi a gida.