Idan Tankar Mai Ta Faɗi a Bakin Ƙauye

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƴan'uwa, bayan sallar La'asar, a wani ƙauye na bakin titi.)

 

Abin da muka shirya tattaunawa a wannan wata shi ne yashe rijiyar unguwar gabas da gyaran dangar makabarta. Amma dattawa suka umarce mu da mu fara gabatar da wata magana wadda ta fi waɗannan gaggawa, domin ƙauyenmu a bakin kwalta yake, tankokin mai suna ratsa shi dare da rana, ga shi kuma hunturu ya kama, ciyawa ta bushe, kara yana jibge a bayan kowane gida.

Babu wanda ya manta da abin da ya auku a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa, a daren 15 ga Oktoba, 2024. Tanka ce ɗauke da fetur ta kife a kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, man ya malala cikin lambatu, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, sai wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu, aka binne da yawansu a kabari guda, aka kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu, 2025, irin wannan ta sake faruwa a mararrabar Dikko a Jihar Neja, inda fiye da mutum 80 suka halaka. Ƴan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar ma sun ɗanɗana wannan musiba a watan Mayu na 2019 kusa da filin jirgin saman Yamai, inda aka rasa sama da mutum 50. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Ba mu ambaci waɗannan bayin Allah don mu zarge su ba. Mun san halin da ake ciki. Kafin janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba, amma a watan da abin Majiya ya faru ta kai kimanin naira 1,000. Ɗan acaɓa da mai injin ban-ruwa da mai injin niƙa, duk wanda ya ga jarka guda ta fetur a ƙasa ya san kuɗin abincin kwanaki ne yake kallo. Da a ƙofar gidajenmu tankar ta faɗi, wa zai rantse cewa ƴaƴansa ba za su fita ba? Saboda haka da kanmu muke wannan magana.

Ya ku jama'a, akwai wani abu game da fetur wanda da yawanmu ba mu sani ba. Abin da yake kamawa da wuta shi ne tururin da yake tashi daga man, wato wannan warin da hanci yake ji. Wannan tururi ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama kamar hayaƙin itace. Ƙasa yake bi, ya kwanta cikin lambatu da kwalbati da ramuka, iska ta tura shi nesa da inda tankar take. Mutum yana iya tsayawa can gefe yana cewa shi kallo kawai ya zo, alhali kuwa tururin ya riga ya kewaye ƙafafunsa. Abin da ake bukata kawai shi ne tartsatsi guda: a tayar da babur, ko a ƙyasta ashana, ko bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, ko wata baiwar Allah tana hura murhu a gidan da ke kusa. A Dikko, rahotanni sun nuna cewa janareta aka kunna don a juye man zuwa wata tankar. Wutar kuma takan bi tururin ta koma wurin tankar cikin ƙiftawar ido, ta fi gudun kowane saurayi. Ku tuna cewa tanka guda takan ɗauki lita 33,000 ko 45,000.

Mun ji wasu samari suna cewa ai man da ya zube tsintuwa ne. Wannan kuskure ne, kuma ya wajaba mu gyara shi. Tsintuwa a wurin malaman fiƙihu ita ce dukiyar da aka samu ba a san mai ita ba, kuma ko ita ɗin ma hukuncinta cigiya ne har shekara guda. To ina ga man da direbansa yake tsaye, sunan kamfaninsa yana rubuce a jikin motar? Dukiyar mutane ce da musiba ta auka mata, haɗarin mota kuwa ba ya halatta ta ga wanda ya zo wucewa. Sannan malaman usulu sun lissafa kiyaye rai cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo don ta tsare su, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. Wanda ya je kwasar mai ya taɓa biyu daga cikinsu a tafiya guda, ransa da dukiyar wani.

Abin da muke ba da shawara a yi, idan har Allah Ya ƙaddara tanka ta faɗi a nan, shi ne wanda ya fara gani ya sanar da mai unguwa da ladan, a yi shela da lasifikar masallaci cewa kowa ya nisanci wurin. A nufi ɓangaren da iska take fitowa, a hau tudu, kada a bi kwari. Gidajen da ke kusa su kashe murhu da fitilar aci-balbal, su fita da yara. Kada a tayar da babur ko mota a kusa, a tura shi da hannu ko a bar shi. Ƴan sintiri su tare hanya daga nesa ta ɓangarorin biyu, a kira lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112 ta agajin gaggawa. Iyaye kuwa, aikinku ya fi na kowa: ku tsaya a ƙofar gida. Yaron da zai raina ɗan sintiri ba zai ture mahaifinsa ya wuce ba.

Ba sai tanka ta faɗi ba ma, wutar tana cikin gidajenmu. Masu sayar da mai a kwalabe da masu injin ban-ruwa suna ajiye jarkoki a zaure, wasu har ƙarƙashin gado don tsoron ɓarawo, a ɗakin da ake shiga da kaskon wuta da dare saboda sanyi. Muna roƙo a fitar da su zuwa wurin da iska take shiga, nesa da madafa da rumbu. Kada a zuba wa janareta mai yana aiki. Idan fetur ya kama, kada a watsa masa ruwa, domin yana tasowa saman ruwa ne, ruwan ya ɗauke shi ya yaɗa wutar. Yashi ko ƙasa ake zubawa.

Wanda tufafinsa suka kama kada ya gudu, gudu iza wutar yake yi. Ya kwanta ya yi birgima, na kusa su lulluɓe shi da bargo. Sai a riƙa kwarara ruwa mai tsabta a kan ƙunar na kimanin minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, amma kada a ɓamɓare tufar da ta manne a fata. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da toka da manja da muka saba shafawa ƙazanta suke kai wa ciwon, su kuma wahalar da ma'aikatan asibiti wajen wankewa. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a garzaya asibiti, musamman idan yaro ne, ko ƙunar ta taɓa fuska.

Game da sauran al'amuran ƙauye, yashe rijiya zai kasance ranar Asabar bayan sallar Asuba. Wanda zai shiga a ɗaura masa igiya a ƙugu, kuma kada a saukar da injin fetur cikin rijiya don zuƙe ruwa, hayaƙinsa yana kisa a can ƙasa. Aikin dangar makabarta sai mako mai zuwa. Dagaci ya amince a ajiye durom cike da yashi a tasha da bakin kasuwa, ana neman masu amalanke su taimaka da ɗebo yashin daga rafi kafin ranar kasuwa.