Amsoshin Tambayoyinku: Ina Asalin Shaidun Jehobah?

Wasiƙar yau ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Tasha, Kaduna. Ya ce wasu mutane kan zo rumfarsa bibbiyu, da jaka a hannu, su miƙa masa mujallar Hasumiyar Tsaro. Kwanan baya kuma matar maƙwabcinsa, wadda take cikinsu, ta zubar da jini wajen haihuwa, amma ta ƙi yarda a ƙara mata. Shi ne yake tambaya, su wane ne waɗannan?

To malam, sunansu Shaidun Jehobah, kuma ba su daɗe ba kamar yadda wasu ke zato. Abin ya faro ne a birnin Pittsburgh na Amurka wajen 1870, sa'ad da wani saurayi mai sayar da tufafi, Charles Taze Russell, ya tara abokansa suna nazarin Littafi Mai Tsarki. A 1879 ya soma buga mujallar nan da ake kawo maka. Ya yi lissafinsa, ya ce mulkokin duniya za su ƙare a 1914. Shekarar ta zo da Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma duniya ba ta tashi ba. Ya rasu a 1916.

Magajinsa, wani lauya Joseph Rutherford, ya ce Annabi Ibrahim da Ishaku da Yakubu za su dawo duniya a 1925. Shiru kake ji. Mabiya da yawa suka watse. Shi ne ya raɗa wa ƙungiyar sunanta na yanzu a 1931.

Rigimarsu da sauran Kirista kuwa, su ba su yarda Yesu daidai yake da Allah ba, ko da yake suna kiransa Ɗan Allah. Ba sa Kirsimeti, ba sa shiga soja, ba sa zaɓe, ba sa sara wa tuta. Wannan ya ja musu wahala ƙwarai. Hitler ya tsare su, Shugaba Banda na Malawi ya haramta su a 1967, Rasha ma ta yi haka a 2017.

Wani mutumin Jamaika, William Brown, shi ya yaɗa aƙidar a Afirka ta Yamma. Ya sauka Saliyo a 1923, daga baya ya koma Ikko. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har Turawan mulki suka hana shigo da littattafansu Nijeriya.

Sai batun jini, wanda na san shi ya fi damunka. Tun 1945 suka ɗauki ƙarin jinin wani a matsayin saɓa wa Allah. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a 2001 cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, likita ba zai tilasta shi ba. Amma a 2019 ta ce yaro daban ne: kotu na iya ba da umurni a ƙara masa jini ko da iyaye sun ƙi. A ganina wannan shi ne daidai, don jariri bai zaɓi aƙida ba tukuna.

Saboda haka ka ba maƙwabcinka shawara, in matarsa ta sake samun ciki ta je awo da wuri, ta gaya wa likita aƙidarta tun ranar farko, a ɗora ta kan maganin ƙara jini, ta kuma haihu a babban asibiti, kada a gida.