Ciwon Baya Bayan Rauni: Hoto, Kwanciya Da Wuƙar Tiyata

Ba zan ɓata muku lokaci da alƙaluman da kowa a zauren nan ya haddace ba, wato mutum miliyan 619 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ciwon ƙasan baya a 2020. Abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne al'adar da muka ɗauka idan ɗan dako ya sunkuci buhu bayansa ya riƙe, ko ɗan acaɓa ya faɗi ya tashi da ciwon kwankwaso: sai mu tura shi hoton MRI, mu nuna masa faifan guringuntsin da ya kumbura tsakanin ƙasusuwan bayansa, mu ce ya je ya kwanta. Na daɗe ina jayayya da wasunku a kan wannan, kuma har yau ina nan kan bakana.

Hujjata ta farko tsohuwa ce, kun ji ta a bakina har kun gaji. A 1994, Jensen da abokan aikinta a Amurka suka ɗauki hoton MRI na mutum 98 waɗanda babu abin da ke damun bayansu. Kashi 36 cikin ɗari kaɗai aka samu duk faya-fayansu lafiya ƙalau. Kashi 52 suna da faifan da ya kumbura, kashi 27 kuma faifan ya turo waje. A 2015, Brinjikji da tawagarsa suka tattara bincike 33 a kan mutum 3,110 marasa ciwo, suka ga kashi 37 na masu shekara ashirin faifansu ya fara lalacewa, a 'yan shekara tamanin kuwa kashi 96 ne. Kumburin faifai kashi 30 ne a matasan, 84 a tsofaffin. To, ku duba abin da wannan ke nufi a ɗakin duba marasa lafiya. Magidanci ɗan shekara arba'in da ya faɗo daga tsani makon jiya, in aka ga kumburi a hotonsa, wa ya isa ya rantse faɗuwar ce ta haifar da shi? Mai yiwuwa ya shekara goma da abinsa yana noma bai sani ba, kamar furfurar da ke fitowa ba ta neman izini. Amma da zarar an ce masa "faifanka ya goce", shi ke nan, ya sa wa ransa bayansa ya karye. Ya daina sunkuyawa, ya ajiye sana'a, ga kuɗin hoton da wataƙila sai da aka sayar da akuya.

Kwanciyar ma an gwada ta. A 1995, Malmivaara ya raba ma'aikatan birnin Helsinki masu sabon ciwon baya gida uku: masu kwanciyar kwana biyu, masu atisaye na musamman, da waɗanda aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon abin da jiki ya ɗauka. Na ukun nan ne suka riga kowa warkewa da komawa aiki. Faifan da ya fito ya danne jijiya, har ciwo na sauka ƙafa, shi ma yawanci jiki ne ke tsotse shi a hankali. Wani nazari na 2017 ya samu haka a wajen mutum biyu cikin uku da ba a yi wa tiyata ba.

Na san amsar da ke bakin likitocin ƙashi: in ba a yi hoto ba, ai za a tsallake babbar cuta. Alamomin babbar cuta ba ɓoyayyu ba ne. Riƙewar fitsari ko zubarsa, mutuwar fata tsakanin cinyoyi, ƙafar da ke ƙara rauni kullum, faɗuwa mai tsanani ko ta tsoho, zazzaɓi da rama da ke sa a zargi tarin fuka na ƙashin baya, wanda mu nan ba baƙonmu ba ne. Waɗannan tambaya da hannu ke gano su, kuma mai su ya cancanci hoto a ranar, wani ma tiyata cikin gaggawa. Kaɗan ne cikin masu zuwa mana. Masu cewa majinyaci ne ke matsawa sai an yi masa hoto kuwa, mu muka koya masa.

Abin da nake nema bai sauya ba. A ba majinyaci minti goma na bayani da harshensa, a gaya masa yawancin irin ciwonsa na lafawa cikin makonni shida. Ya yi tafiya a ƙasa kullum, ya ɗumama wurin, ya yi salla a zaune in ruku'u ya gagara, ya miƙe da zarar ya samu sauƙi. Maganin rage raɗaɗi na ɗan lokaci ne, tare da lura da ciki da ƙoda. Taramol, wanda muka ga ɓarnarsa a matasanmu, ba shi da gurbi a ciwon da ya daɗe. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta Disambar 2023 ta ce kada a yi amfani da irinsa a irin wannan ciwon, tare da ɗamarar baya da jan ƙashi da na'ura. Kuɗin da hukumomi ke zumuɗin zubawa a injin hoto kuma, a ɗebi wani abu a ɗauki likitocin gashin ƙashi a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, don kada mai ciwon baya daga ƙauye ya kwana a mota zuwa asibitin ƙashi na Dala kafin a koya masa yadda zai ɗaga buhu.