Lissafi Kafin Gini: Magana Ga Masu Marmarin Aikin Ungozoma

Karatu: Luka 14:28-30, Fitowa 1:15-21

Yau maganarmu ta fito ne daga wasiƙar da wata 'yar'uwa ta aiko mana. Shekarunta 33, 'ya'yanta uku, tana cikin zumuntar mata a ikilisiyarsu. Ta ce tun ranar da ƙanwarta ta rasu wajen haihuwa, a bayan mota, kafin su kai asibiti, zuciyarta ba ta bar ta ta huta ba. Tana so ta koma makaranta ta zama ungozoma.

To, ga abin da ya same ta. A tsohuwar takardarta ta sakandare tana da kiredit a Turanci da Bayoloji. Da ta tashi sake rubuta jarrabawa, sai mai shagon da ya yi mata rajista ya ce, "Mama, Fiziks yana da wuya, ki ɗauki Kimiyyar Lafiya a madadinsa, ai aikin asibiti za ki yi." Ta yarda. Ta sayar da akuyoyinta biyu ta biya kuɗi, ta yi karatu, ta kuwa ci. Da ta kai takardunta makarantar ungozoma, aka mayar mata da su. Ta rufe wasiƙarta da tambaya, "Baba, ko dai Allah bai kira ni ba ne?"

'Yata, ki share hawayenki. Ba kiran ne ya gaza ba, lissafin ne ba a yi ba. Kuma na san ba ke kaɗai ba ce, don haka bari mu yi maganar a fili, kowa ya amfana.

A cikin Luka sura 14, Ubangijinmu ya ba da misalin mai son gina hasumiya. Ya nuna cewa mai hankali yakan fara zama ya auna abin da ginin zai ci, don kada ya sa tushe ya kasa gamawa, masu wucewa su yi masa ba'a. Yana magana ne a kan tsadar binsa, amma darasin ya shafi kowane aikin da muke so mu yi dominsa. Zaman lissafi ba rashin bangaskiya ba ne. Wanda ya koya mana addu'a, shi ne ya koya mana lissafi.

Ga lissafin. A Nijeriya, majalisar da ke kula da aikin jinya da ungozoma, wadda aka kafa da dokar 1979, tana neman kiredit a darussa 5: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 ba su shiga ba. Kimiyyar Lafiya, Aikin Gona, Ilimin Addinin Kirista, duka darussa ne masu kyau, amma babu wanda zai tsaya a gurbin ɗaya daga cikin biyar ɗin nan.

Abu na biyu, ku kasa kunne sosai, domin a nan ne manya da yawa suke tuntuɓe. Dole kiredit biyar ɗin su fito daga zama ɗaya ko zama biyu na jarrabawa, ba fiye ba. Ba za ki tsinto ɗaya a nan, biyu a can, biyu a wata shekara, ki haɗa takardu uku ba. 'Yar'uwarmu tana da biyu a tsohuwar takarda. Ke nan Lissafi, Kemistiri da Fiziks sai su fito tare a takarda ɗaya. Shawarata ita ce, in kin zauna jarrabawa, ki rubuta dukan biyar ɗin, har waɗanda kika riga kika ci, ki kuma ba su ƙarfinki fiye da sauran darussan da za ki cika rajista da su.

Ba lallai ki sa kayan makaranta ki zauna aji da sa'o'in 'ya'yanki ba. WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda mutane suka saba kira GCE. Akan yi ta wajen ƙarshen shekara, tun 2018 kuma WAEC ta ƙara wata a farkon shekara. A 'yan shekarun nan makarantun jinya da yawa sun zama kwalejoji, suna ɗaukar ɗalibai ta hanyar JAMB, inda za a tambaye ki Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Saboda haka kafin ki ba kowa kobo, ki taka da ƙafarki zuwa makarantar da kike so. Ki tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai abin da suke nema a bana, ko suna da iyakar shekarun haihuwa, ko kuma suna da kwas ɗin ungozomar karkara na shekara 2 ban da na shekara 3. Matambayi ba ya ɓata.

Wata za ta ce, "Kakata ta karɓi haihuwar rabin garinmu, ba ta san Fiziks ba." Gaskiya ne, muna kuwa girmama iyayenmu da suka yi wannan hidima. Amma ki tambaye su mata nawa suka kuɓuce musu suna kallo, ba yadda za su yi. Ungozomar da ta yi makaranta tana ƙirga makonni 40 na ciki. Tana auna jini, in ta ga ya kai 140 bisa 90 ta san akwai haɗarin jijjiga. Tana sauraron zuciyar jariri, ta san ya kamata ta buga tsakanin 110 da 160 a minti ɗaya. In jinin da mace ta zubar bayan haihuwa ya kai rabin lita, ta san ba lokacin jira ba ne. Allurar da za ta ceci rai, in aka kuskure awonta, ita ce za ta yi ɓarna. Da Turanci za ta karanta takardar magani, ta rubuta wa likita abin da ta gani. Darussan nan ba shinge ba ne da aka kafa don a hana ki wucewa. Kayan aiki ne da za ki riƙe da tsakar dare, sa'ad da babu likita kusa.

Ku tuna da Shifra da Fu'a, ungozomomin Ibraniyawa a ƙasar Masar. Fir'auna ya umarce su su kashe 'ya'ya maza, suka ƙi, domin suna tsoron Allah. Littafin Fitowa bai faɗi sunan wannan sarki ba, amma ya ajiye sunayen matan nan biyu har yau. Hanya mai sauƙi tana gabansu, suka zaɓi mai wuya domin ran jarirai. Ke ma zaɓinki na fari ba a ɗakin haihuwa yake ba, a kan takardar rajista yake.

Bukata kuwa tana da yawa. Bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, cikin kowace mace huɗu da suka rasu a duniya ta dalilin ciki ko haihuwa, fiye da ɗaya 'yar Nijeriya ce. Waɗannan 'yan'uwanmu ne da maƙwabtanmu, Kirista da Musulmi.

Kada shekaru su tsorata ki. Gemu ba ya hana ilimi, goyo ma haka. Ke da kika san naƙuda a jikinki, kika yi jinyar yaro har gari ya waye, kina da abin da 'yar shekara 18 ba ta samu ba tukuna. Amma ki ba kanki lokaci. In ba ki taɓa yin Kemistiri da Fiziks ba, shekara guda ta koyo ba ta yi yawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma mazaje, lissafin nan har da ku. Ku zauna tare ku duba kuɗi, da wanda zai kula da yara da gona. Dattawan ikilisiya, a cikin majami'arku akwai malamin kimiyya ko nas da ta yi ritaya. Ku ba su benci da allo da yammacin Asabar. Wannan ma hidima ce.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne mai ba da rai. Ka dubi 'yarka da ta rubuto mana, da dukan masu irin nufinta. Ka ba su haƙurin yin tambaya, da ƙarfin halin zaɓen abin da yake daidai ko da yana da wuya, da buɗaɗɗen kai wajen karatu. Ka kiyaye matan da suke kan gwiwa a daren nan. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.